Daminar da Wayoyin Jita Suka Riƙa Dawo Mini da Tsatsa

'Ya'yana, ku da kuke wucewa ta gaban shagona a Utako kuna cewa, "Maman Ladi kam ta huta, tana zaune a inuwa tana miƙa ambulan," ku ɗan zauna in gaya muku abin da ke cikin ambulan ɗin. Ni ba mai yawan magana ba ce. Rubutuna kuma na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda na shiga da goyo a bayana. In kun ga inda na karkace, ku yi haƙuri ku bi ni a hankali.

Wayar jita nake sayarwa. Akwai wasu 'yan tarkace a gefe, kamar maɗaurin ratayawa da ɗan filastik ɗin nan da ake kaɗawa da shi, amma waya ita ce sana'ata. Abin da ba ku sani ba shi ne, waya tana tsufa tun ba a ɗaura ta ba. Tana kwance cikin takardarta, ba wanda ya taɓa ta, amma kwananta na tafiya. Mai tumatir yana ganin ruɓar kayansa da idonsa. Ni nawa kayan a rufe yake mutuwa, fuskar fakitin tana ƙyalli kamar jiya aka kawo shi. Shi ya sa mai wannan sana'a ba ya yarda da iska, ba ya yarda da bango, ba ya ma yarda da hannun kansa, balle bakin dila.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a, ban ko taɓa shi ba aka kore ni. Lokacin sojoji sun koma bariki ba da daɗewa ba, Abuja ta cika da ƙarar gini, mu ma mun taso daga kudancin Kaduna saboda maigidana birkila ne. Ina sayar da kunu a ƙofar shagon wani tsoho, Baba Gambo, mai gyaran rediyo da kayan kiɗa. Da yarinyar da ke yi masa shara ta yi aure, sai ya ce in riƙa taya shi. Ran nan aka kawo kwalin wayoyi, ya ce in jera su. Na miƙa hannu ke nan ya tare ni da sandarsa.

"Me kika ci?"

"Gyaɗa, Baba."

"Mai gishiri?"

Na ce e.

"Je ki wanke hannun. Ki kuma shanya shi."

"In shanya hannu, Baba?"

"Ki shanya shi kamar wanki. In ya bushe ki dawo."

Na tsaya a rana da hannuwa a ware, masu shaguna suna dariya suna tambayar ko wa'azi zan fara. Tun daga ranar ban sake taɓa kaya da hannun abinci ba.

Baba Gambo a ƙuruciyarsa garaya yake kaɗawa, don haka har ya mutu bai taɓa cewa waya ba, sai tsirkiya. Shi ya koya mini duba kaya ba tare da an buɗe su ba. A ɗaga ambulan a haske, a ga ko akwai ɗan jan tabo da ya zagaye, irin shatin wayar da ke naɗe a ciki. A shafa takardar, a ji ko ta yi tudu-tudu, alamar ta jiƙa ta bushe. A shinshina. In har yanzu zuciya ba ta kwanta ba, sai ya kai gefen takardar bakinsa ya ɗan taɓa da harshe. Na ce masa wannan ai ƙazanta ce. Ya ce, "'Yata, dila zai rantse miki da kabarin uwarsa. Takarda ba ta iya rantsuwa, sai dai ta gaya miki inda ta kwana."

Kayan ba iri ɗaya ba ne, kwanansu ma ba ɗaya ba ne. Akwai masu tsada da ke zuwa a cikin leda mai ƙyalli, an liƙe ta ruf daga kamfani, ba ƙofar iska. Waɗannan in ba a huda su ba, kuma ba a gasa su a rana ba, suna iya yin shekaru lafiya lau. Akwai masu sauƙin kuɗi, kowace waya a ambulan ɗinta na takarda, an haɗa su a wata 'yar leda mai baki wanda ake buɗewa a rufe. Su ne abincin yawancin makaɗanmu, kuma su ne masu saurin mutuwa. In ka yi sakaci, damina ɗaya ta ishe su. Siraran su ke fara tafiya. Za ka ga ɗan baƙin ɗigo kamar kashin ƙuda, to nan ne za ta tsinke ranar da aka fi bukatarta. Masu kaurin nan da aka nannaɗe, su kuma ba sa saurin tsinkewa, murya suke rasawa, ka ɗaura sabuwa ta yi maka magana kamar mai mura. Na roba ba sa tsatsa, amma ba sa shiri da zafi. Wani ɗan ma'aikacin gwamnati ya taɓa barin nasa a gaban mota wata guda, ya dawo yana mini faɗa wai sun ƙi tsayawa a murya ɗaya. Na tambaye shi inda suka zauna, ya faɗa, muka yi dariya tare.

Ajiya kuwa, gwangwanin madara ne babban kayan aikina, manyan nan masu murfi mai kamawa. A wanke, a shanya kwana biyu, a shimfiɗa busasshen ƙyalle a ƙasa. Baba Gambo gawayi yake ƙullewa a tsumma ya jefa ciki don ya shanye danshi. Ni daga baya na samu abin da ya fi. Maƙwabciyata Hajiya Binta mai takalma tana tara mini 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu ƙwayoyi kamar gishiri. In sun sha danshi sun ƙoshi, sai in ɗumama su a busasshen kasko su koma aiki. Gwangwani ba ya zama a ƙasa, ba ya jingina da bango. Tsofaffin kaya a gaba, sababbi a baya. Ranar da ake ruwa ba na buɗe murfi sai da dalili, in na buɗe kuma ba na tsayawa hira.

Wayar da ta mutu ba ta sake komawa hannun makaɗi daga shagona. Akwai masu gilashin mota a Apo da ke zuwa su kwashe, da ita suke yanke ƙaron da ke riƙe da gilashi. Mata masu yin sabulu ma suna karɓa, su yanka sabulunsu da ita. Amma da na ji labarin wasu na goge tsohuwar waya da man keken ɗinki, su mayar a ambulan, su liƙe ledar da kyandir, sai na fara datse ɗan zoben da ke ƙarshen kowace matacciyar waya kafin ta bar hannuna. Ba zobe, ba ɗauri. Wani bakanike ya ce, "Haba Madam, mu ma ba ki yarda da mu ba?" Na ce da shi na yarda, da wanda zai tsinta a bolarsa ne ban yarda ba.

Da Baba Gambo ya koma gida Zariya ya bar mini shagon, kasuwa ta buɗe ƙwarai. Kowace unguwa sabon coci, kowane coci yana son 'yan kiɗa. Asabar ba ta wucewa sai da biki a wani babban zaure. 'Ya'yan manya ma suna zuwa da direba su sayi waya don jitar da aka kawo musu daga waje. Amma wanda ya riƙe shagona da gaske wani saurayi ne, Ishaya, mazaunin Tungan Maje. Yana kaɗa jita a cocinsu, yana kuma bin 'yan kiɗan biki. Coci-cocin da ke wannan hanya ta Gwagwalada da yawa shi suke ba wa saƙo, ya saya musu a wurina, ya ajiye a gidansa, yana raba musu in bukata ta tashi. Duk inda ya je sai ya ce, "Kayan Maman Ladi ba sa ba da kunya." Wannan maganar ita ce jarina. Ba ni da allo a ƙofar shago, ba ni da talla a rediyo.

To, sai ga shekarar da nake so in ba ku labari.

Damina ta yi nisa, ran wata Litinin Ishaya ya shigo bai ko zauna ba. Ya ajiye fakiti biyu a kan kanta.

"Mama, kin kashe ni shekaranjiya."

"Subhanallahi. Zauna mana, ɗana."

"Ba zan zauna ba. Bikin 'yar wani darakta ne. Amarya ta sako ƙafa a zaure, ni ke jan waƙar, sai ji kake tas! Na ɗaura wata daga fakitin, kafin a yanka kek ita ma ta tafi. Ogan kiɗanmu ya ce in ba zan iya sayen waya ba in koma noma."

Na buɗe fakitin. Tsatsa ce ja, ba ɗigo ba, har ta yi shati a takardar. Kayan kuwa ba su fi wata biyu da barin shagona ba. Na tambaye shi inda yake ajiya. Ya ce a akwatin ƙarfe, a kan benci, nesa da bango, kamar yadda na koya masa. Na ba shi wasu, na ba shi haƙuri. Da ya tafi na sauke gwangwanayena duka na duba. Ko ɗigo babu.

Ba a jima ba ya sake dawowa, wannan karon da Dattijo Bitrus, wanda ke kula da kayan kiɗan cocinsu, kuma shi ake saurare in shugabannin mawaƙan yankin sun zauna. Dattijo mutum ne mai sanyin murya kamar ni, shi ya sa na san maganarsa ba wasa ba ce.

"Maman Ladi, ba mu zo faɗa ba. Amma coci uku sun kawo ƙara. Ana cewa tsohuwar waya kike gogewa kina mayarwa a takarda."

Hajiya Binta ta leƙo daga shagonta. Mai shayi ma ya rage wutarsa don ya ji.

"Dattijo, ka taɓa ganina da kyandir a shagon nan?"

"Ban gani ba. Amma tsatsar na gani. Za mu zauna kafin sayayyar Kirsimeti. In abin bai canja ba, dole in gaya wa kowa ya nemi wani wuri, kuma dole in faɗi dalili."

Na roƙe shi ya ba ni zuwa ɗaukewar ruwa. Ya ce ya ba ni. Na san abin da ke gabana. In Dattijo ya tashi a taro ya ce kayana jabu ne, to ko zinariya na zuba a gwangwani ba mai sake leƙowa.

Da suka fita na ɗauki ambulan ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo. Takardar ta yi tudu-tudu. Na waiwaya ba mai kallo, na kai ta bakina kamar yadda Baba Gambo yake yi. Gishiri. Ba ɗan kaɗan ba, gishiri sosai.

Zargina na farko ya tafi kan Oga Chidi, wanda nake sarin kaya a wurinsa. Kayansa ta jirgin ruwa suke zuwa, kuma na taɓa jin kwantena kan sha ruwan teku. Na same shi a shagonsa yana cin abinci, na miƙa masa ambulan na ce ya lasa.

"Madam, ni akuya ne?"

"Lasa dai, Oga."

Ya lasa, ya tofar, ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Kai! Wannan ba daga wurina ta fito ba. Kayana bai shiga ruwa ba. Zo, zo ka gani." Ya janyo ragowar kwalin da ya sayar mini daga ciki, ya farke a gabana, ya zaro ambulan ya lasa, ya ba ni wani. Takarda ce kawai, ba ɗanɗanon komai. Ya ce, "Yanzu mu biyu mun zama akuya. Madam, ka duba yaron nan naka da kyau. Yaran kiɗa, hmm."

Maganarsa ta bi ni har gida. Ishaya yaro ne mai ladabi, amma Abuja ta lokacin tana canja yara. Kowa na son wayar salula, kowa na son babur. Mai yiwuwa ne ya sayar da nawa masu kyau, ya sayo ruɓaɓɓu a bakin titi masu irin takardar, ya kawo mini in canja masa. Ban faɗa wa kowa ba. Na ari janfarcen 'yata Ladi, kowane ambulan da zan ba shi sai na ɗiga ɗan ja a can cikin lanƙwasar bakinsa, inda ba mai dubawa. Na kuma daina barin kowa shi kaɗai a shagon, har Ladi. Hajiya Binta ta lura ina kulle ƙofa ko banɗaki zan je. Ta ce, "Maman Ladi, takalma nake sayarwa, ba na kiɗa." Na yi murmushi, amma ban daina kullewa ba.

Bayan 'yan makonni sai ga Ishaya da wasu fakitin. Wannan karon ma tsatsar ta fi ta da. Na juya masa baya kamar ina neman wani abu, na buɗe lanƙwasar. Jan ɗigona yana nan, a kowane ɗaya. Kayana ne. Daga hannuna suka fita da tsabta, a gidansa suka sha gishiri.

"Ishaya, wa ke taɓa akwatin nan?"

"Ba kowa, Mama."

"Kana sa su a aljihu in za ka hau babur? Gumi ma gishiri ne."

"Wallahi a jaka nake sa su, cikin leda biyu."

Yana maganar yana kallona da wani irin ido, sai na gane shi ma lissafina yake yi kamar yadda nake lissafinsa. Na ce masa kada ya ɗauki komai yau. Ranar Asabar da safe ni da kaina zan kawo masa har gida.

Na zaɓi sababbi, na jera su a gwangwanin madara da 'yan ƙullin Hajiya Binta, don hadari ya haɗu kuma ba na fita da waya tsirara a irin wannan rana. Na shiga mota zuwa Zuba, na sake wata zuwa Tungan Maje. Ɗaki biyu ne a wani gidan haya. Ishaya ya fito ya tarbe ni. A bakin ƙofa kuwa wata tsohuwa ce zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsince wake. Ya ce mahaifiyarsa ce, Mama Asabe, ya ɗauko ta daga ƙauye farkon damina bayan rasuwar babansa.

Farkon damina. Na riƙe wannan a raina.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, idonta a kan gwangwanin.

"Ke ce mai wayar?"

"Ni ce, Mama."

"Hmm. Ashe haka kike."

Na buɗe murfin na zaro fakiti ɗaya zan miƙa wa Ishaya. Ta ɗaga hannu.

"Kada ka karɓa daga hannunta. Ajiye a nan." Ta turo tire da ƙafa.

Na ajiye. Ta shiga ɗaki ta fito da wata gora da ɗan guntun tsintsiya. Ta tsoma, ta fara addu'a a harshensu tana yayyafa wa fakitin ruwa. Ɗigo ɗaya ya faɗo a bayan hannuna. Na kai shi bakina a hankali kamar ina share fuska. Ruwan gishiri ne.

Ishaya ya yi 'yar dariyar kunya. "Kada ki damu, Mama. Haka take yi wa komai. A gida ko fartanya aka sayo sai ta yi mata. A kan leda ne kawai, yanzu zan goge."

Tsohuwar ta juyo. "A kan leda? Wannan na shigowa gida ne. Kai kana tsammanin abin da ke bin ka leda yake tsoro? Kullum in ka fita sai na buɗe akwatin nan, in fito da su ɗaya-ɗaya, in buɗe bakin kowace takarda, ruwan ya shiga ciki sosai. Tun ranar da aka kunyata ka a bikin nan na ƙara gishirin, na kuma koma yi safe da yamma. Amma har yanzu suna tsinkewa." Ta nuna ni da tsintsiyar. "Shi ya sa na ce maka abin daga hannun mai sayarwa yake. Wani ne ya biya ta don a raba ka da abincinka."

Ishaya ya buɗe baki. Na ga maganar da ke shirin fitowa, na kuma ga matan gidan sun fara taruwa da bokitansu. Wannan tsohuwa ta binne mijinta, ta baro gonarta, ta zo garin da ba ta san kowa ba, abu ɗaya da ya rage tana yi wa ɗanta shi ne wannan ruwan. Na taka ƙafarsa da tawa. Ya rufe bakin.

Na ce, "Mama, kin yi daidai da ba ki yarda da ni ba. Ni ma ban yarda da kowa ba a kan wayar nan. Amma in tambaye ki. Wanda kike roƙo, sai an buɗe masa murfi yake ganin abin da ke ciki?"

"Ke, kada ki yi saɓo a ƙofata."

"To ai shi ne. Ga gwangwani. Ki duba cikinsa da kanki, ki ga ban sa komai ba. Ki jera wayoyin da hannunki, busasshe. Ki rufe da hannunki. Daga nan ya zauna a ɗakinki, ba a ɗakin Ishaya ba, kada wani ya kai gare shi. Ki yayyafa masa ruwa ta waje yadda kike so. Amma kada a buɗe sai ranar da zai ɗauka, don in ana yawan buɗewa, abin da ke yawo a iska yana samun hanya."

Wannan kuwa ba ƙarya na yi mata ba.

Ta jawo gwangwanin ta zazzage shi a cinyarta. Ta ɗaga ƙullin Hajiya Binta da yatsa biyu.

"Wannan fa? Laya ce?"

"Daga kwalin takalmi yake, Mama. Danshi yake sha."

Ba ta yarda ba sai da Ishaya ya ɗauko kwalin takalminsa na coci ya nuna mata irinsa a ciki. Ta farke ɗaya, ta murza ƙwayoyin, ta shinshina. Sannan ta goge hannu a zaninta, ta daɗe tana gogewa, ta jera wayoyin, ta danna murfin da tafin hannu. Wanda ta riga ta jiƙa na mayar jakata, na masu gilashin Apo ne. Ta ɗauki tsintsiyarta ta yi wa gwangwanin wanka har ruwa na gangarowa ƙasa.

"In suka sake tsinkewa," ta ce, "na san shagonki."

Ishaya ya raka ni bakin titi har muka ga mota. Sannan ya ce zai je ya gaya wa Dattijo komai. Na ce ya gaya masa danshi ne ya shiga akwatinsa a gida, kuma an gyara. Ba sai sunan tsohuwa ya shiga taro ba. Ya ce to in Dattijo bai gamsu ba fa? Na ce waya za ta gamsar da shi, in an ba ta lokaci.

Dattijo bai gamsu nan da nan ba. Ishaya ya tashi a taronsu ya ce laifin ajiyarsa ne, amma Dattijo ya raba sayayyar Kirsimeti biyu, rabi a wurina, rabi a wani shago, wai a gwada. Da ya zo karɓar nasa rabin sai da ya ɗaga kowane ambulan a haske. Ban ji haushi ba, da ni ce ma haka zan yi. Aka yi Kirsimeti, aka yi sabuwar shekara, aka yi bukukuwan da ke biyo baya, ba waya ɗaya da ta dawo mini. Kafin Ista sai ga shi da kansa da saƙon coci-coci duka, ya zauna har ya sha kunu. Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Da zai tafi ya ce, "Maman Ladi, ko kina da irin gwangwanin nan da ba kya amfani da shi?"

Mama Asabe kuwa ta ɗauka ruwanta ne ya yi nasara a kaina, kuma ban taɓa gyara mata ba. Gishiri yana cin gwangwani, don haka duk farkon damina sai Ishaya ya kawo mini tsohon, ya yi ja kamar an tono shi daga ƙasa, in ba shi sabo. Kowane karo da saƙonta: "Ka gaya wa mai wayar nan ina nan ina kallonta." Haka muka yi shekaru, har shekarar da ya zo da gwangwanin ba saƙo, tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya.

Shi ne wancan da ke can saman kanta, wanda kuke ta cewa in jefar don yana ɓata mini shago. Ranar da ya kawo shi akwai ragowar waya ɗaya a ciki, siririya, tana nan inda tsohuwar ta jera ta. Lokaci-lokaci, in rana ta buɗe kuma hannuna a bushe, nakan sauke shi in ɗaga ambulan ɗin a haske. Ba shati, ba tudu, ba ɗigo.

Kwanan baya wani yaro ya zo neman irinta, tawa kuma ta ƙare. Ladi ta ce, "Mama, ga ta cikin jan gwangwani, ai lafiyarta ƙalau." Na ce a'a, ya dawo jibi. Ta daɗe da yawa a kwance. Ban yarda da ita ba.